Kogin Kaduna da Birnin da Ya Tsiro a Gaɓarsa ta Arewa

Kogin Kaduna yana cikin manyan kogunan da ke zuba a Kogin Kwara, wato Neja. Tsawonsa kimanin kilomita 550 ne, kuma duk tafiyarsa a cikin Nijeriya yake yin ta. Yana tasowa daga tsaunukan Jos, kusa da Vom, wajen kilomita 29 kudu maso yamma da garin Jos. Daga can yakan gangaro ya fuskanci arewa maso yamma, ya ratsa ƙasar Zangon Kataf da ta Kauru, sai ka ce Zariya ya nufa. Amma saura kimanin kilomita 35 ya iso birnin Kaduna daga arewa maso gabas sai ya sha kwana, ya juya kudu maso yamma, ya bi ta birnin, ya faɗa Jihar Neja ta Shiroro da Zungeru da Wushishi, sannan ya miƙe kudu cikin ƙasar Nupe har ya gamu da Kwara a Muregi, daura da garin Pategi.

Wanda yake son ya gane halin wannan kogi, sai ya fara da gangararsa. A mafarinsa ƙasa ta haura mita 1,200 bisa teku. A birnin Kaduna ta sauko zuwa wajen mita 600. A Muregi kuwa ko mita 100 ba ta kai ba. Ke nan a 'yar wannan tafiya ruwan yana saukowa fiye da kilomita guda, kuma ba a hankali yake saukar ba, hawa-hawa ce. Yakan zubo daga gefen tsaunuka a guje, ya lafa a shimfiɗaɗɗiyar ƙasar Zazzau, ya sake zabura a kwazazzabon Shiroro, inda ya yanka dutse, sannan ya je ya kwanta a fadamun Nupe. Su kansu tsaunukan Jos mararrabar ruwa ce ga ƙasar nan. Ruwan da ya sauka a kansu, wani yakan bi Gongola da 'yan uwanta zuwa Binuwai, wani ya bi ta Kano da Haɗeja da Jama'are ya doshi Tafkin Chadi, wani kuma ya biyo Kaduna zuwa Kwara.

Daga mafarinsa har ya wuce Zungeru, a kan tsohon dutsen gindin ƙasa kogin yake gudu, irin dutsen nan mai tauri da ya ɓullo fili a Kufena ta Zariya da Kajuru da Kujama, wanda masana ke lissafa shekarunsa da ɗaruruwan miliyoyi. A samansa akwai ruɓaɓɓen dutse da jar ƙasa da marmara, amma a wurare da yawa kaurinsu bai taka kara ya karya ba. Irin wannan ƙasa ba ta riƙon ruwa. In aka sheƙa ruwan sama, kaɗan ne ke nutsewa, sauran sai ya kwaranye kamar an zuba shi a kan daɓe, ya tattaru a rafuka, ya afka kogi cikin 'yan sa'o'i. Shi ya sa mai haƙa rijiyar burtsatse a Kaduna yake fatan ya dace da tsagar dutse: wani gida a sami ruwa har a raba wa maƙwabta, gidan da ke jikinsa kuma a haƙa a tashi da ƙura. Shi ne kuma dalilin da ya sa birnin bai taɓa iya jingina da ruwan ƙarƙashin ƙasa kaɗai ba, dole idonsa yana kan kogi. Sai an gangara ƙasan Wushishi wannan dutse yake ɓuya, dutsen yashi na kwarin Bida ya karɓe shi. A nan ne kogin yake buɗewa, ya yi ta karkace-karkace cikin laka, ya bar tafkuna da fadamu masu faɗi a gefensa.

Ruwan sama a yankin Kaduna yakan kai wajen milimita 1,200 a shekara, a tsaunukan Jos kuma ya ɗan fi haka, amma kusan dukkansa tsakanin Afrilu da Oktoba yake sauka, lokacin da iska mai laima ke busowa daga Tekun Atlantika. Agusta da Satumba su ne tsakiyar cikar kogi. A wannan lokaci ruwan yakan yi ja saboda ƙasar da ya kwaso, ya shafe duwatsun tsakiyarsa, ya haura fadama, yana ɗauke da itatuwa da ciyayi. Da zarar iskar hunturu ta juyo daga arewa maso gabas a Nuwamba, sai ya fara ja da baya. Kafin bazara, wato Maris da Afrilu, falalen duwatsu sun fito, tsibirran yashi sun bayyana, ruwan ya koma 'yan hanyoyi da gurabu masu zurfi, har a wasu mashigai mutum ya naɗe wando ya haye da ƙafa. A nan ya sha bamban da Kwara. Shi Kogin Kwara a Nijeriya cika biyu yake yi a shekara: ɗaya ta ruwan daminar gida, ɗaya kuma ta ruwan da ya sauka a tsaunukan Gini, wanda yakan daɗe yana ratsa fadamun ƙasar Mali, sai cikin sanyin hunturu ya iso nan a tace. Kaduna ba ta da wannan gata. Cikarta ɗaya ce, in ta wuce sai baɗi.

Ba shi kaɗai yake tafe ba. Galma, wadda ta biyo ta Zariya ta karɓi ruwan Kubanni, tana shigarsa a arewa maso gabas da birnin. Akwai Kangimi a ƙasar Igabi, akwai Romi a kudancin birni, akwai Tubo da Sarkin Pawa da Dinya, sai kuma Mariga, wadda ta kwaso ruwan ƙasar Birnin Gwari ta zuba masa a ƙasan Zungeru. Saboda faɗin ƙasar da yake tattaro wa ruwa, yakan faru a kwana biyu ba a ga hadari a Kaduna ba, amma a wayi gari kogi ya tumbatsa, don an yi ruwa a sama.

Ƙasar da ya ratsa dajin doka ce, mai itatuwa jefi-jefi da doguwar ciyawa, ga kaɗanya da ɗorawa da maɗaci, ga giginya a kwari. A bakin ruwa kuwa itatuwa sukan yi duhu su zama kurmi. Sunayen unguwannin arewacin birnin suna riƙe da hoton wannan ƙasa yadda take kafin gini ya cinye ta: Doka, Unguwar Rimi, Kurmin Mashi, Rafin Guza, Tudun Wada, Hayin Banki. Sunan kogin ma an fi ɗauka jam'in kada ne, saboda yawan kadojin da ke cikin gurabunsa a da, ko da yake Gbagyi suna da nasu bayanin cewa daga kalmarsu ta kogi aka samo shi.

Kurmin bakin rafi yana da nasa sharri. Nan ne maɓoyar ƙudan tsando, mai sa wa mutum ciwon barci, ya sa wa shanu sammore. A inda ruwa ke gudu a kan duwatsu kuma wani ɗan baƙin ƙuda yake hayayyafa, wanda cizonsa ke kai mutum ga makanta a hankali. Waɗannan ƙudaje biyu suna cikin abubuwan da suka sa garuruwa da yawa na da suka ja baya daga bakin kogi suka hau tudu. Annobar ciwon barci ta shekarun 1930 ce ta sa gwamnatin Turawa ta ɗauki aikin Anchau a yankin Galma, inda aka sare kurmin rafuka, aka tashi ƙauyuka, aka kafa sabon gari aka sa masa suna Takalafiya. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu kuma aka kafa cibiyar binciken wannan cuta ta Afirka ta Yamma, aka raba ta biyu, rabi a Kaduna rabi a Vom. Ke nan ɗaya a tsakiyar kogin, ɗaya a mafarinsa.

Kafin zuwan Turawa, inda birnin yake a yau ƙauyukan Gbagyi ne warwatse a kan tuddai, a ƙarƙashin ikon Zazzau, ga Fulani makiyaya masu gangarowa fadama da rani. A saman kogi akwai Atyap da Adara da sauran ƙabilun kudancin Zazzau, a ƙasansa akwai Gbagyi na Kuta da Shiroro, sannan Nupawa. A ƙarshensa ne kawai kogin ya zama hanya ta sosai. Can Kede suke, Nupawan ruwa, masu manyan jirage na katako, waɗanda sarkinsu mai sarautar Kuta yake zaune a Muregi yana karɓar kuɗin fito da na fatauci daga duk mai wucewa. Amma daga Zungeru zuwa sama, duwatsu sun hana jirgi tafiya mai nisa. Ga fataken Kano da Zazzau masu zuwa Bida da Ilori da Keffi, Kaduna ba hanya ba ce, shinge ne da za a haye. Da rani jakuna su ratsa da kayansu. Da damina sai ayari ya sauke a gaɓa ya jira 'yan fito, ko ya jira ruwa ya janye. Baturen nan Richard Lander, da maigidansa Clapperton ya rasu a Sakkwato a 1827, ya biyo kudu daga Kano cikin damina ya gamu da wannan kogi, ya kuma ambace shi a labarin tafiyarsa.

Wannan iyaka ta jirgi ita ce ta fara jawo mulkin Turawa zuwa bakin Kaduna. A ranar 1 ga Janairu 1900 gwamnatin Ingila ta karɓi Arewa daga hannun Kamfanin Royal Niger a Lokoja, Frederick Lugard, wanda Hausawa ke kira Lugga, ya zauna a Jebba. Yana son ya matso kusa da masarautun da bai riga ya ci ba, amma kayansa duka, daga harsashi har kwanon rufi, ta ruwa suke zuwa. Sai ya bi Kaduna sama har inda jirgi ya gaza, ya kafa sansani a Wushishi, ya mai da Zungeru hedkwata a 1902. Ko a nan ma, daga Yuli zuwa Oktoba ne kawai ƙananan jirage ke iya isowa kusa. Don haka aka shimfiɗa ɗan siririn layin dogo daga Zungeru zuwa Wushishi, aka ƙara shi zuwa Barijuko inda ruwa ya fi zurfi. Shi ne layin dogo na farko a Arewa. Daga Zungeru aka tsara yaƙin da ya ci Kano da Sakkwato a 1903, a nan kuma aka haifi Nnamdi Azikiwe a 1904.

Zungeru ba ta karɓi Turawa ba. Kwari ce, ga zafi ga sauro. Abin da ya cece su daga dogaro da ruwa shi ne jirgin ƙasa. Gwamna Percy Girouard, wanda injiniyan layin dogo ne, ya sa aka fara aiki daga Baro a bakin Kwara a 1907, layin ya isa Kano a 1911, aka kuma haɗa shi da na Legas a Minna. Dole wannan layi ya haye Kaduna a wani wuri, masu awo kuwa suka zaɓi inda gindin kogi dutse ne, gaɓoɓinsa kuma suna da tsayin da za su ɗauki gada. Da Lugga ya dawo Nijeriya a 1912 yana neman sabuwar hedkwata, wannan mahaya ce ta cika masa sharuɗɗansa. Ga ruwan sha, ga jirgin ƙasa, ga tudu mai iska wanda ya fi Zungeru sanyi, ga fili fetal, kuma ba birnin wani sarki ba ne balle a yi ta gogayya da fada. Sojoji suka fara tarewa a 1913, ma'aikatan gwamnati suka biyo baya, a 1917 Kaduna ta zama babban birnin Lardunan Arewa. Lugga ya so a ce ita ce hedkwatar Nijeriya baki ɗaya, amma ba a amince masa ba.

Ko gadar ƙafa ta ƙarfe da aka yi a Zungeru a 1904 ba a bar ta a can ba. An kwance ta an kawo Kaduna, tana nan a lambun Gamji, wanda yanzu ake kira da sunan Janar Hassan Usman Katsina, kuma tun 1956 aka sa ta cikin kayan tarihi na ƙasa.

Yadda aka zana birnin ya bi yadda ƙasa take. Kogin yana zuwa ta gabas, ya gangara kudu ta gefen Malali da Unguwar Rimi da Kabala, sannan ya karya yamma. A cikin wannan gwiwa akwai dogon tudu, ta yamma kuma ƙananan rafuka irin su Mashi da Rigasa suna gangarowa su zuba a kogi. A kan wannan tudu aka dasa gwamnati: gidan gwamna, da bariki, da ofisoshi, da filin sukuwa wanda yanzu shi ne Dandalin Murtala, da unguwar Turawa mai manyan filaye da itatuwa jere. Dokar garuruwa ta 1917 ta ce a bar fili na yadi 440 ba gini tsakanin unguwar Turawa da ta 'yan ƙasa, wai don tsoron zazzaɓin sauro. Akawuna da 'yan kasuwa suka zauna a tsakiyar gari kusa da kasuwa, leburori da sauran masu neman abinci daga ƙasar Hausa suka yi Tudun Wada a hayin yamma. Abin lura a nan shi ne, masu zanen farko, duk da wariyar da suka gina a cikin zanensu, ba su yi gangancin sauka fadama ba. Sun bar wa kogi wurin kwanciyarsa.

Kudancin kogi ya tashi ne a kan jirgin ƙasa da masana'antu. A can mahaɗar layuka take, inda layin gabas da ya taso daga Fatakwal ta Kafanchan ya iso a 1927. A can aka buɗe masaƙar Kaduna Textiles a Kakuri a 1957, zamanin Sardauna Ahmadu Bello, wasu masaƙu suka biyo baya a shekarun 1960, sai kamfanin haɗa motocin Peugeot a 1975, da matatar mai a 1980. Arewa kuwa ta riƙe mulki da soja da addini da kasuwa: Zauren Lugga inda majalisa ke zama, da Makarantar Horon Hafsoshi da aka kafa a 1964, da Masallacin Sultan Bello, da babbar kasuwa mai sunan Sheikh Abubakar Gumi. Ajiye masana'antu a kudu maso yamma yana da hikima ta fuskar ruwa, domin ƙasan gari ne, dattinsu ba zai bi ta gaban gidajen manya ba. Amma wannan hikima ta tsaya ne a iyakar birni. Shekara da shekaru magudanar Kakuri da Makera tana zuba ruwan rini da na sinadarai a kogi, ƙauyukan da ke ƙasa kuma da shi suke sha, da shi suke ban-ruwa. Da damina yawan ruwa yakan surka dattin, da rani kuwa babu abin da zai surka shi. Durƙushewar masaƙu ta rage rini, amma kwatocin unguwanni da shara da leda sun maye gurbinsa.

Ruwan famfon birnin daga kogin ake ɗibarsa. Tsohuwar matatar ruwa tana kudu, babbar kuwa tana Malali, a saman gari, inda ruwa bai riga ya haɗu da ƙazantar birni ba. Matsalar ita ce bazara, lokacin da buƙata ta fi yawa kogi kuma ya fi ramewa. Don maganin haka aka gina madatsar Kangimi a shekarun 1970, ta tara ruwan damina, a riƙa sakinsa da rani ya biyo kogi ya iso Malali. Duk mai buɗe famfo a Kawo ko Unguwar Sarki a watan Maris, akwai rabon ruwan Agustan bara a cikin abin da ya tara.

Gangara da dutsen da suka hana jirgi tafiya su ne suka ba da wutar lantarki. A bakin kwazazzabon Shiroro aka gina madatsa mai tsayin mita 115, aka buɗe ta a 1990, da injuna 4 masu ba da megawat 600 a haɗe. Ita ce babbar madatsar lantarki ta uku bayan Kainji ta 1968 da Jebba ta 1985, waɗanda ke kan Kwara. A ƙasanta kuma aka ƙara ta Zungeru mai megawat 700, wadda aka fara a 2013. Tunda cikar Kaduna ɗaya ce, tafkin Shiroro yakan cika a ƙarshen damina ya yi ta raguwa har bazara, wutar da yake bayarwa ma haka take hawa da sauka. In kuma ruwa ya yi yawa aka buɗe ƙofofi don tsiran madatsa, manoman shinkafa da rake na ƙasar Nupe su ke kwana a ciki. Wannan fadama ta ƙasa, wajen Wuya da Edozhigi, tana daga cikin tsofaffin wuraren noman shinkafa a Nijeriya, kuma da ambaliyar shekara-shekara ta saba rayuwa, domin ita ke kawo mata sabuwar laka. Abin da ba ta saba da shi ba shi ne ruwan da zai zo ba a kan lokacinsa ba.

A cikin birnin kansa, kogin yana ciyar da mutanen da ba a cika lissafa su ba. Da ruwa ya janye a Nuwamba, masu lambu sukan bi sawunsa su yi kunya a lakar da ya bari, daga Rafin Guza har Kabala. A da jigo ake kafawa a gaɓa, yanzu ɗan injin fetur ne da doguwar mesa. Alayyafo da latas da kabeji da tumatir da ɗanyar masarar da ake gasawa a bakin titi da rani, da yawansu daga nan suke fitowa. Masunta suna nan da kwalekwale da birgi da mali, suna kama tarwaɗa da karfasa da ƙurungu, wani lokaci a dace da giwan ruwa. Masu wanki suna shanya a kan falalen duwatsu. Sai kuma masu yashi, waɗanda aikinsu ya fi na kowa wuya. Mutum zai tura kwalekwale tsakiyar ruwa, ya kafa gora ya ɗaure, ya nutse da bokiti, ya taso ya juye, ya sake nutsewa, har jirgin ya yi nauyi bakinsa ya kusa shan ruwa. Sannan ya turo shi gaɓa, wasu su kwashe da shebur su tara, tifa ta zo ta ɗauka. Bulon da aka gina sababbin unguwannin Kaduna da shi, yashin wannan kogi ne a cikinsa. Sana'a ce ta halal mai ci da gidaje da yawa, amma in aka kwashi yashi fiye da abin da damina ke kawowa, gindin kogi yakan zurfafa, gaɓa ta zube, gonar bakin ruwa ta tafi, ramukan da aka bari kuma su ne ke cin yara masu wanka.

Tun daga shekarun 1970 birnin ya cika ya batse, filin tudu ya yi tsada, aka fara yanka fadama ana sayarwa. Fadama kuwa ba ƙasar banza ba ce da kogi ya manta da ita. Ɗakinsa ne na damina, inda yake baje ruwan da ya fi ƙarfin kwarinsa. Shekara biyar ko goma za ta iya wucewa bai shiga ba, har mai gida ya sakankance, sannan ya zo rana ɗaya. Haka aka gani a daminar 2003, aka sake gani a 2012 da 2015, ruwa ya shiga gidaje a Kigo Road da Kabala da gangaren Unguwar Rimi da Rafin Guza, da Barnawa a ɗaya hayin. Ba ruwan sama kaɗai ke da laifi ba. Dajin da ke saman kogi an sare shi don gona da gawayi, saboda haka ruwa ya fi saurin gangarowa, ya kuma fi kwaso ƙasa. A cikin gari kwalta da siminti da kwanon rufi sun rufe inda ruwa zai nutse. Rafukan da ke kai shi kogi an matse su da gini an cika su da shara.

Akwai kuma wani nauyi da aka ɗora wa kogin wanda ba nasa ba ne. Bayan rikicin Fabrairu da Mayu na 2000 da na Nuwamba 2002, dubban iyalai sun sayar da gidajensu ko sun yi musanya, Musulmi da yawa suka hayo arewa, Kirista da yawa suka koma kudu, har aka wayi gari ana kallon ruwan a matsayin iyaka tsakanin addinai biyu. Rabuwar ba ta cika yadda ake faɗa ba. Akwai coci-coci a arewa, akwai tsofaffin unguwannin Hausawa a Makera da Kakuri da Barnawa, kuma ko taswirar mulki ba ta bi ruwa ba, tunda Tudun Wada da Badiko suna arewacin kogi amma a Ƙaramar Hukumar Kaduna ta Kudu suke. Kullum safiya ma'aikata da 'yan kasuwa da ɗalibai suna cika gadar da ke kusa da filin wasa na Ahmadu Bello, da ta hanyar Nnamdi Azikiwe, da ta hanyar Yakowa, da sababbin da aka ƙara. Duk da haka, asara ce babba a ce yaro ya tashi a Kawo bai san kowa a Sabon Tasha ba, alhali ruwa ɗaya suke sha.

Abin da kogin yake buƙata daga hukuma ba ɓoyayye ba ne. Ruwan 2003 da na 2012 da na 2015 ya bar alama a jikin bangaye, mazauna wuraren kuma sun san inda ya tsaya. A bi wannan alama a shata iyaka, a daina ba da takardar fili a ƙasanta, waɗanda suka riga suka gina a ciki a nema musu wuri a tudu da diyyar da za ta ishe su, a bar fadamar ga masu lambu da itatuwa. A sa ma'aunin ruwa a saman kogi da kan Galma, yadda labarin cika zai riga ruwan isowa gari. A tsara wa masu yashi wuraren ɗiba, a kuma hana zuba ƙazanta a rafukan da ke saman Malali, domin abin da aka zuba a can shi ne zai dawo ta famfo.